KADA A SAKI RESHE A KAMA GANYE

Ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara, 'yan boko kuma su ce kansa, ya daina zama ciwon da ake jin labarinsa daga nesa. A Unguwar Mu'azu da maƙwabtanta irin su Tudun Wada da Kinkinau, ba baƙon abu ba ne a idar da salla a ji wani ya miƙe yana neman taimakon jama'a saboda mahaifiyarsa ko yayarsa da aka tura Shika. Ƙididdigar da hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar game da shekarar 2022 ta nuna cewa fiye da mutum 127,000 ne suka kamu da cutar a Nijeriya a wannan shekarar, kusan 80,000 kuma suka rasu ta dalilinta. Dajin nono ne a kan gaba, sai na furostet da ke kama maza da kuma na bakin mahaifa.

Idan wannan jarrabawa ta sauka a gida, galibi a kan saurayin gidan nauyin zirga-zirga yake faɗawa. Shi ne zai yi sammako ya kai mara lafiya tashar Kawo su kama motar Zariya, shi ne zai bi layin kati, shi zai riƙe ledar takardu, shi kuma dangi za su tsare da tambaya idan an dawo. Saboda haka ranar da aka fara cewa "wannan likitan fa bai san aikinsa ba, a canza wani", bakinsa yana cikin waɗanda ake saurara. To, ya kamata ɗan uwa ya san matsayin da zai tsaya a kai tun kafin ranar ta zo. Sauya likita haƙƙin mara lafiya ne, wani lokacin ma wajibi ne. Amma sauyin da aka yi shi cikin fushi, ba takarda, ba sallama, ba a kuma san ranar da sabon likita zai ci gaba ba, yana iya yin ɓarnar da ta fi wadda ake gudu.

Dalili kuwa shi ne maganin daji ba irin na zazzaɓi ba ne da za a sha na wannan kemis yau, gobe a sha na wancan. Tsari ne da ake shimfiɗawa tun daga farko, kowane mataki ya dogara da wanda ya gabace shi. Maganin da ake ƙarawa ta jijiya, wato kemo, ana ba da shi ne zango-zango, sau da yawa bayan kowane kwana 21, kuma a dajin nono akan yi zango shida zuwa takwas. Ba don jin daɗin likita aka sa wannan tazara ba. Maganin yana kashe ƙwayoyin cutar, yana kuma taɓa na jini, sai a bar jiki ya farfaɗo daidai gwargwado a sake bugun cutar kafin ita ma ta farfaɗo. Idan kwana 21 ya koma wata biyu saboda ana yawon neman wani asibiti, cutar ce ta samu hutu. A watan Nuwamba na 2020 mujallar likitocin Ingila mai suna BMJ ta buga wani nazari da ya tattara bincike masu yawa a kan nau'o'in daji guda bakwai, inda aka gano cewa jinkirin mako huɗu wajen fara magani yana tafiya da ƙarin haɗarin mutuwa na kimanin kashi 6 zuwa 13 cikin ɗari, gwargwadon irin cutar da irin maganin. Mako huɗu kuwa, a wurin wanda zai buɗe sabon kati a asibitin koyarwa, ya jira ranar ganin likita, a sake tura shi gwaji, ba wani abu ba ne.

Abin takaici, mafi yawan abubuwan da ke sa a ɗauke mara lafiya ba dalilai ba ne, rashin bayani ne. Mace ta karɓi kemo sau biyu, gashinta ya zube, farcenta ya yi baƙi, ba ta iya riƙe ko kunu a ciki, sai masu zuwa dubiya su fara girgiza kai suna cewa ai da ƙafarta ta tafi, ga shi maganin ya kwantar da ita. Alhali kuwa waɗannan alamu sanannu ne, akwai maganin amai da ake bayarwa, gashi kuma yana dawowa bayan an gama. Abin da ya kamata shi ne a koma a gaya wa likita dalla-dalla, ya gyara abin da zai gyara. Wani gidan kuma akasin haka ne: ƙullutun ya saki bayan zango na uku, sai a ce Allah Ya kawo sauƙi, a daina zuwa, ba za a sake ganinsu ba sai bayan shekara, lokacin da abin ya fashe. Akwai kuma masu ƙorafin cewa kullum suka je sabuwar fuska suke gani. Wannan haka asibitin koyarwa yake, babban likita ɗaya ne ke da sashen, a ƙarƙashinsa akwai likitoci masu neman ƙwarewa da ke karɓa-karɓa, fayil ɗaya kuma suke bi. Wanda hankalinsa bai kwanta ba yana iya neman a haɗa shi da babban likitan, ba sai ya bar asibitin ba.

Akwai wanda ya fi waɗannan duka wuyar faɗa. An ce za a cire nono, sai gida ya rikice, miji ya ƙi, ita ma ta tsorata, daga nan a shiga yawo daga asibiti zuwa asibiti ana neman likitan da zai ce ba sai an yanka ba. Wannan ba neman gaskiya ba ne, neman wanda zai faɗi abin da ake son ji ne, kuma a ƙasar nan duk wanda ya fita da kuɗi a hannu yana neman haka zai samu. A nan ne masu motocin lasifika da masu shagunan sassaƙe suke samun kasuwa, kowa da jarkarsa da alkawarin warkarwa cikin kwana arba'in, wasu har da rantsuwa da ambaton addini don su kashe bakin mai tambaya. Babu mai hana mara lafiya addu'a, babu mai hana shi shan zuma, kuma addini bai taɓa cewa a zauna ba neman magani ba. Amma wanda ya ce a ajiye maganin asibiti a koma ga jarkarsa, a tambaye shi: idan jini ya ɓalle da tsakar dare, shagonsa za a zo ko asibitin da ya sa aka bari?

Wannan ba ya nufin likita ba ya kuskure, ko kuma duk wanda ya sa farar riga a miƙa masa wuya. Akwai halin da zama a cikinsa shi ne ganganci. Na farko kuma mafi girma, idan aka fara wa mutum maganin daji ba tare da an yanki ɗan nama an kai ɗakin gwaji an tabbatar da irin cutar ba. Har yanzu ana samun wuraren da za a cire wa mace ƙullutu a nono a jefar, a ce mata an gama, sai bayan watanni abin ya dawo ba wanda ya san mene ne. Ba kowane ƙullutu ne daji ba, dajin ma iri-iri ne, kuma ko a dajin nono akwai gwajin da ke nuna ko cutar tana cin abinci daga sinadaran jikin mace, wanda shi ke nuna ko ƙwayar tamoksifen za ta yi amfani, akwai kuma gwajin HER2 da ke nuna ko ana bukatar wata allura ta daban. Wanda ke ba da kemo bai san waɗannan ba, harbi yake a duhu. Irin wannan wurin a bar shi, a nufi inda ƙwararru suke, kuma kada a ji kunya. Ko manya ba su tsira daga irin wannan ba. Fitaccen lauyan nan Gani Fawehinmi, wanda ya rasu a watan Satumba na 2009, an ɗauki lokaci ana yi masa maganin wata cuta daban a gida kafin likitocin Landan su gano cewa dajin huhu ne. Idan mai baki da hali irin nasa ya gamu da haka, ina ga tsohuwar da ko Turanci ba ta ji?

Haka nan likitan da ba a isa a tambaye shi ba, wanda idan an ce "Likita, wane mataki cutar take?" sai ya ɗaga kai ya ce ko za a koya masa aiki ne. Gaskiya ne likitocin sun yi kaɗan, masu fafutukar yaƙi da cutar sun sha faɗin cewa ƙwararrun likitocin daji a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 ba su kai ɗari ba, kuma wanda ya ga mutum hamsin kafin azahar dole ya gaji. To amma gajiya ba ta soke haƙƙi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da mara lafiya halin da yake ciki, da hanyoyin magani da ake da su, da amfani da haɗarin kowace, a cikin harshen da yake fahimta. A watan Yuli na 2018 kuma mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin marasa lafiya, wanda ya ƙunshi haƙƙin samun bayani da haƙƙin kai ƙara. Ba alfarma ake roƙa ba. Matar da ta fi son mace ta duba ta, ko a sa ma'aikaciyar jinya ta tsaya a ɗakin, ita ma ta faɗa, wannan abu ne da akan iya warware shi a cikin asibitin.

Sannan ga sauyin dole, wanda ba mara lafiya ne ya zaɓa ba, mahukunta ne suka ɗora masa. Shekara da shekaru injunan gashin daji a asibitocin gwamnati suna lalacewa a bar su watanni, har an sha kai wa lokacin da waɗanda ke aiki a faɗin ƙasar ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, mutumin Kaduna ya kama hanyar Abuja ko Sakkwato ko ma Legas yana kwana a barandar asibiti. A 2021 likitoci masu neman ƙwarewa sun shiga yajin aiki ranar 2 ga Agusta, ba su janye ba sai a farkon Oktoba, wato wata biyu cur, kusan zango uku na kemo ke nan. A ranar 28 ga Maris na 2022 aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari, jirgin bai dawo aiki ba sai a watan Disamba, a lokacin da titin ma kowa ke tsoronsa. Ga kuma likitocin da ke tattara nasu-ya-nasu suna tafiya Ingila da Saudiyya, mara lafiya ya zo ranar da aka ba shi a ce masa likitansa ya bar ƙasar. Waɗanda ke da alhakin gyara waɗannan abubuwa su da iyalansu jirgi suke hawa idan kansu ya yi ciwo. An buɗe sabuwar cibiyar maganin daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a 2025, abin a yaba ne, amma sayen inji bai taɓa zama matsalar ƙasar nan ba, riƙe shi yana aiki ita ce matsalar.

To idan sauyin ya zama dole, yaya za a yi? Da farko a bambance jin ta bakin wani likita da komawa wurinsa. Ana iya ɗaukar takardu a kai wa wani ƙwararre ya duba a cikin makonnin nan na hutu tsakanin zango da zango, ba tare da an fasa ko allura ɗaya ba. Sau da yawa zai ce abin da ake yi daidai ne, hankali ya kwanta, kuɗin mota kawai aka yi asara. Idan kuwa ya ga gyara, sai a nemi ya rubuta. Kuma kada a yi wa likitan farko ɓoyo. Mutanenmu suna da kara, suna ganin cin fuska ne a ce wa likita za a je wani wuri, sai su sulale ba sallama. Wannan karar ba ta da amfani a nan, domin takardar turawa daga hannunsa take fitowa, kuma likitocin daji a Arewa 'yan kaɗan ne, galibi sun san juna, waya ɗaya tsakaninsu tana iya rage wa mara lafiya jiran mako uku. Ban da haka, wanda ya fita ta ƙofa yana iya dawowa ta ƙofa idan can ɗin bai yi ba. Kada a ɗaga ƙafa daga wuri na farko sai an ji daga bakin na biyu cewa ya karɓa, ya kuma ba da rana, ranar ta yi daidai da lokacin zango na gaba.

Batun takardu shi ne inda ɗan uwa mai ɗan ilimin boko zai fi amfanar gidansu. Katin asibiti ba ya isa, lamba ce kawai a jikinsa, fayil ɗin kuma ba a ba da shi. Abin da za a nema shi ne cikakken rahoton likita, kuma a fara nema da wuri domin yana ɗaukar kwanaki. Ya kasance da sakamakon gwajin nama, da matakin da cutar take, da rahoton tiyata idan an yi, da hotunan da aka ɗauka su kansu ba bayaninsu kaɗai ba. Ya kuma ƙunshi sunan kowane maganin kemo, da yawan da aka bayar, da ranakun da aka bayar. Cewa "an yi mata ƙarin ruwa sau huɗu" ba bayani ba ne. Misali, jan maganin nan da masu jinya suka sani da launinsa, doksorubisin, yana da iyakar da ba a son mutum ya wuce a duk tsawon rayuwarsa, wajen miligiram 450 zuwa 550 a kan kowane murabba'in mita na faɗin jiki, saboda idan ya taru yana raunana zuciya, raunin da ba ya gyaruwa. Sabon likitan da bai san nawa aka riga aka bayar ba, ko dai ya ƙara ya jefa zuciya cikin haɗari, ko ya guje wa maganin da ake bukata. Akwai kuma abin da da yawa ba su sani ba: naman da aka yanka ba a zubar da shi, ana adana shi a cikin ɗan dunƙulen kaki a ɗakin gwaji, tare da 'yan gilasan da aka duba. Ana iya neman su a rubuce a kai wa sabon asibiti, su sake dubawa ko su yi ƙarin gwaji, ba sai an sake yanka mara lafiya ba. Duk takardar da ta shigo hannu a yi mata kwafi biyu, a ɗauki hotonta a waya, kada kuma a bar ta asali a hannun kowa.

Lokacin da ya fi kowane muni a tashi shi ne tsakiyar gashi. Gashin daji kullum ake yinsa, Litinin zuwa Juma'a, na tsawon mako biyar zuwa bakwai a cututtuka da yawa, kuma an auna shi ne a kan jikin wannan mutum da kuma wannan injin. Idan aka koma wani asibiti sai an sake hoto, an sake awo, an sake tsari, kwanaki suna tafiya. A dajin bakin mahaifa likitoci suna son a kammala gashin waje da na ciki gaba ɗaya cikin mako takwas, domin abin da ya wuce haka yana rage damar shawo kan cutar. Saboda haka wanda ya fara gashi, in dai injin yana aiki, ya daure ya ƙarasa ko da ransa a ɓace yake da ma'aikatan wurin, ƙorafin ya biyo baya. Idan kuwa injin ne ya tsaya, kada a koma gida a zauna ana jiran kira. A tsaya a ranar a tambaya yaushe za a gyara, idan babu amsa a nemi takardar turawa mai ɗauke da wurin da aka gasa, da ƙarfin da aka bayar, da kwana nawa aka yi, saboda naman jiki ba ya manta gashin da ya sha, kuma akwai iyakar da kowace gaɓa za ta iya ɗauka. Wanda yake da zaɓin lokaci, gaɓar da ta fi sauƙi ita ce bayan an gama wani mataki kafin a shiga na gaba, kamar bayan tiyata kafin kemo, ko bayan kemo kafin gashi.

Kuɗi ma a yi lissafinsa da idon basira. Sabon asibiti yakan so ya maimaita wasu gwaje-gwajen, ga kuɗin mota, ga masauki, ga abincin mai jinya, kuma abin da aka tara a masallaci da wurin dangi ba ya taruwa sau biyu. Gwamnatin tarayya ta fara aiwatar da asusun tallafa wa masu cutar daji marasa hali a 2021 a wasu asibitoci shida, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana ciki, domin masu dajin nono da na bakin mahaifa da na furostet. Rajistar ta asibiti ake yinta, don haka wanda ya samu shiga ya tambayi makomar tallafinsa kafin ya tashi. Masu shawarar a sayar da gida a tafi Alƙahira ko Indiya kuwa, a tambaye su abin da za a yi a can wanda ba a yi a nan. Wani lokacin akwai shi. Wani lokacin kuma maganin ɗaya ne, kuɗin ya ƙare a zango na uku, a dawo gida ba magani ba gida, dillalin da ya haɗa tafiyar ya riga ya karɓi lada.

A tsakanin barin wannan likita da isa wurin wancan, a san inda za a nufa idan abu ya taso. Daga kwana bakwai zuwa sha huɗu bayan kemo ne sojojin jini suke yin ƙasa sosai, kuma zazzaɓin da ya kai 38 a ma'aunin zafi a wannan lokaci ba na farasitamol ba ne, na gaggawa ne, a tafi asibiti mafi kusa, ko Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada ko Barau Dikko, a gaya musu ranar da aka yi kemo na ƙarshe. Ƙwayoyin da ake sha kullum da allurar wata-wata ko ta wata uku da ake yi wa masu dajin furostet ba a dakatar da su don ana canza asibiti, sai dai idan likita ne ya ce a tsaya.

Duk wannan shawara kuma ba a yanke ta a zaure a bar mai ciwon a ɗaki. An saba ɓoye wa iyaye sunan cutar wai don kada hankalinsu ya tashi, sai a ɗauke su daga wannan asibiti zuwa wancan ba su san dalili ba. Jikinta ne allurar ke shiga, ita ta san likitan da take iya gaya wa abin da ke damunta, wataƙila ma wanda 'ya'yan ke ganin ya cika ɗaure fuska shi ne wanda ta yarda da shi. Ɗan uwa ya zauna kusa da ita ya ce, "Inna, ga abin da aka ce, ga abin da ake tunani, me kika gani?" Idan ta ce a tsaya, a tsaya a nemi gyara a inda ake. Idan ta ce a tashi, washegari ya je ofishin ajiyar fayil ya cike takardar neman rahoto.